Ni Na Ba Da Faswod ɗin Marigayi, Shi Ake Zagi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, garin namu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini faɗa, faɗan na san zai zo, kuma na cancance shi.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata jami'a a nan Sakkwato, ni ne mai kula da tsaron netwok. Ni nake buɗe wa ma'aikata akawun, ni nake rufewa idan mutum ya bar aiki ko ya rasu, ni nake lura kada wani ya kutsa cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗinmu da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Duk wanda ya san ni a wurin aiki ya san ba ni da daɗi a kan maganar faswod. Na sha tsayawa gaban farfesoshi masu furfura ina ce musu ko matarka kada ka ba, har suka laƙaba mini Sarkin Makulli, ni kuwa sunan yana fasa mini kai. Ku riƙe wannan, za ku ga inda cika bakin ya kai ni.

Wanda ya koya mini aikin nan zan kira shi Malam Sidi, ba sunansa ke nan ba. Tun zamanin da kuɗin mai ya zubo aka ɗauke shi aiki yana saurayi, aka tura shi waje kwas, ya dawo ya kama aiki da kwamfuta guda ɗaya da ta cika ɗaki, ana ba ta umarni da kati mai huji-huji. Ni na san shi ne a ƙarshen mulkin soja ina ɗalibi, lokacin da yau a buɗe makaranta gobe a rufe saboda yajin aiki. Shi ya jawo mana imel ta layin tarho, saƙon kowa a ofishinsa yake sauka, ya buga a takarda ya ninke ya kai wa mai shi. A gabana wasu mutane masu baƙin tabarau suka zo suka ce ya nuna musu saƙonnin wasu malamai da ake zargi da zuga yajin aiki, ya ce musu amana ce, ba tasa ba ce balle ya bayar. Suka tafi da shi, sai bayan kwanaki aka sako shi ya rame, ya koma kujerarsa ya ci gaba da ninke takardunsa. Duk tsofaffin ma'aikata sun san wannan labarin, kuma sunan kirkin nan shi ne iyakar abin da Malam ya tara, don gidansa na Ƙofar Rini na gado ne, motarsa kuwa har ya bar duniya sai an tura take tashi.

Da ya yi ritaya aka riƙe shi a kwantiragi, saboda rabin abubuwan da ke gudana a sabar shi ya haɗa su da hannunsa, kuma da akawun ɗinsa suke tafiya. Akawun ne babba, babu ƙofar da ba ya buɗewa. Ban da aikin ofis, Malam ɗan gidan malamai ne, yana ba da karatu a zaurensa bayan la'asar, kuma shekara da shekaru yana ɗaukar karatun a waya ya adana a cikin wannan akawun. Na taɓa yi masa magana, ya yi dariya ya ce waya tana faɗawa ruwa, saba ba ta zuwa bakin rijiya. Na bar shi, wa zan yi wa doka, wanda ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta?

Watannin baya Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Dokar aikinmu a fili take, kuma da hannuna na rubuta ta: ma'aikaci ya rasu, a rufe akawun ɗinsa. Ina ta jan ƙafa, don na san idan na rufe nasa sai na bi abubuwa da yawa na sake musu mazauni, aikin makonni ne, ga rajistar sababbin ɗalibai ta taso. Ana cikin haka muka je ni da maiɗakina mu ƙara gaida matarsa, wadda duk muke kira Inna. Tsohuwa ce mai fara'a da son tsokana, tun ina ɗalibi take kirana Injiniya tana zuba mini tuwo, amma ranar na same ta ta yi zuru-zuru. Bayan mun gaisa ta ce, "Injiniya, an ce muryar Malam tana can cikin injinku. Ni ba ni iya hita sai na ƙare takaba, gidan ga kau da an yi la'asar sai shi yi mani shiru da yawa. Ko da hanyar da za ni ji karatunai daga nan?"

Abin da ya kamata in yi na san shi, ko ɗalibin ajin farko ya sani: in kwashe karatun a filashi in kawo mata. Amma karatun yana da yawa kuma a warwatse yake, ni kuma ina so in ga ta yi murmushi a ranar, ba wani mako ba. A nan tsakar gidan na buɗe laftof ɗina, na goge faswod ɗin Malam wanda ni kaina ban sani ba, na sa sabo mai sauƙi wanda tsohuwa za ta iya riƙewa, na buɗe hanyar shiga daga waje, na saita mata a wayarta. Da muryar Malam ta tashi yana bismillah, Inna ta rufe fuska da mayafi, maiɗakina ma ta kama kuka. Ni da nake wa farfesoshi tsawa, na kasa buɗe baki in ce wa Inna kada ta ba kowa. Gani na yi kamar zan ce mata ban yarda da ita ba, a cikin gidan mijinta, tana cikin takaba. Na hau mota na koma Runjin Sambo ina jin yau na yi abin kirki, ina ce wa kaina na ɗan lokaci ne.

Da na koma gaishe ta bayan wasu makonni, ta warware sosai har tsokana ta dawo. Da murnarta take ba ni labari, ta ce, "Duk wanda yaz zo gaisuwa yaj ji karatun sai shi roƙa, ni kau in ba shi kalmomin da kab ba ni. Har ɗalibainai na wasu garuruwa sun samu, an sa musu cikin guruf. Ladar tana iske shi inda yake kwance, mi za ya sa in hana?" Wallahi sai a lokacin na ga ɓarnar da na yi. Makullin jami'a guda yana yawo a wayoyin mutanen da ban sani ba. Kuma a nan ne laifina ya fi girma, don wannan karon ba rashin sani ba ne. Na ce da na isa ofis zan canza, na isa ofis na tuna fuskarta, na ce bari dai ta gama takaba, ai mutanen Malam masu neman karatu ne, wa zai yi ɓarna a cikinsu. Na manta cewa abin da ya shiga guruf ba ya tsayawa a hannun wanda aka ba.

Ana gab da fitar da sakamakon 'yan ajin ƙarshe wani malami ya lura makin da ya ba wani ɗalibi ba shi ne a saba ba. Aka duba, ashe ba ɗaya ba ne, an ɗaga wa mutane da dama. Saba tana rubuta sunan duk wanda ya shiga ya taɓa wani abu, sunan da aka gani kuwa na Malam Sidi ne. Nan take na rufe akawun ɗin, abin da na kasa yi a watanni na yi shi kafin shayina ya huce. Aka kafa kwamiti, kuma saboda ni ne Sarkin Makulli, ni aka ba in rubuta musu bayanin yadda aka shiga.

Daraktanmu ya kira ni ofishinsa, mutum ne mai saurin fushi amma ba mugu ba, ya yi ta faɗa yana tambayar dalilin da akawun ɗin mamaci yake buɗe. Na ce masa abubuwa da yawa sun dogara da shi, wanda gaskiya ne. Ya tambaye ni ko na san wani da ke da faswod ɗin, na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Daga wannan amsar tawa magana ta tashi. Aka ce tunda mamaci ba ya taɓa kwamfuta, kuma babu wanda ya san faswod ɗinsa sai shi, to shi ya sayar kafin ya mutu. Yanzu a ɗakin shan shayi ana cewa ai ƙila ya daɗe yana yi, wai shi ya sa ya ƙi barin ofis bayan ritaya. Wani yaro da bai kai shekara uku da fara aiki ba na ji yana cewa masu yawan carbi su ne abin tsoro, na tashi kamar zan mare shi, sai na tuna wanda ya cancanci marin, na koma na zauna. An yi niyyar sa wa sabon ɗakin kwamfuta sunan Malam, yanzu an ce a dakata.

Abin da ke hana ni cin abinci shi ne, magana ɗaya tak za ta wanke shi tas. Faswod ɗin da aka shiga da shi an ƙirƙire shi ne bayan Malam ya shiga kabari, ba zai yiwu ya sayar da abin da bai taɓa gani ba. Yana nan a rubuce a saba, da ranar da aka canza da sunan wanda ya canza, kuma sunana ne. 'Yan kwamiti ba su san inda za su duba ba sai abin da na nuna musu. Idan na faɗa, aikina zai iya tafiya, kuma babu inda za a sake ba ni tsaron ko da kwamfutar shago ce, ga iyali, ga mahaifiyata a hannuna. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron nan yana raina sosai. Amma akwai abin da ya fi shi ci mini rai, wato Inna za ta gane sadakar da take rabawa don lada ta isa ga mijinta ita ce ta buɗe ƙofar da aka ɓata masa suna. Na san ta, ba za ta ɗora mini ba, kanta za ta ɗora wa, ni kuwa ko gargaɗi ban yi mata ba.

Har yau maganar ba ta kai kunnenta ba, tana cikin gida, 'yan uwa kuma suna ɓoye mata. Da karatun ya daina buɗewa ta kira ni, na ce mata gyara ake yi, ƙarya ta biyu ke nan. Maiɗakina da ta ga yadda aka yi tun farko ta daina yi mini maganar, sai dai idan na zauna cin abinci ta tsaya tana kallona, ta ce mutumin nan fa a ɗaure ya kwana saboda amanar wasu, shi ke nan ta tashi ta bar ni da kwano.

Jiya Inna ta sake kirana. Ranar Juma'a take fita takaba, ta ce wuri na farko da za ta taka shi ne ofishinmu, ta sa an yi dambun nama za ta kai wa Darakta. Ta ce, "In gode mai da bakina, da yab bari kab buɗe mani karatun Malam. Samun mutane masu riƙon zumunci awa ku sai an tona." Ita a zatonta da izininsa na yi. Ta ce in tambayar mata ƙarfe nawa yake shigowa ranar Litinin, na ce to Inna.

'Yan uwa ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In riga ta zuwa wurin Darakta in faɗi komai, in wanke Malam, in ɗauki abin da zai biyo baya? Idan haka ne, wa zan fara gaya wa, shi ko ita, kuma da wane baki zan ce wa tsohuwar nan ga inda kyautarta ta ƙare? Ko akwai hanyar da zan wanke shi ba tare da sunanta ya shiga gaban kwamiti ba? Don zuciyata har ta fara raya mini in ce mata Darakta ya yi tafiya, in sami mako guda in numfasa, kuma na san idan na yi wannan ta uku ba zan tsaya ba. Tun safe ta kira sau biyu ban ɗauka ba, yanzu ma da nake rubutun nan wayar tana haske da sunanta. Idan ku ne, me za ku ce mata?