Rasuwar Dattijo Azariya Kambai, Mai Rawayan Idanu

Cikin alhini, da kuma 'yar kunya, Ƙungiyar 'Yan Fanshon Reluwe ta Unguwar Tasha, Kafanchan, ta karɓi labarin rasuwar Uban Ƙungiya, Dattijon Ikilisiya, tsohon Babban Mai Sauya Layi, Baba Azariya Kambai, wanda Ubangiji ya kira ranar Lahadi bayan sujada, yana da shekara casa'in da ɗaya. Muna tabbatar wa jama'a cewa a wannan karon gaskiya ne.

Marigayin ya yi shekara talatin da biyar yana sauya wa jirage layi, ko akuya ba a taɓa takewa a bakin aikinsa ba. Abin da ya dame mu kawai idanunsa ne, waɗanda kan yi rawaya duk lokacin da ya yi azumi. A 1984 muka yanke cewa shawara ta cinye masa hanta, muka kafa kwamitin jana'iza na mutum tara, har muka kai masa akwati gida. Matarsa, Mama Magdalene, ta yi godiya, ta zuba citta a ciki.

Da muka kai shi asibiti, likita ya ce hantar lafiya lau take. Rawayar gado ce, daga wani sinadarin jini mai suna bilirubin da ya ɗan yi masa yawa, kuma masu bincike na ganin ɗan ƙarin nan yana iya kare ƙwayoyin hanta daga lalacewa. Ya gargaɗe mu cewa ba kowace rawaya ce haka ba, sai an gwada. Baba dai ya halarci jana'izar takwas daga cikin 'yan kwamitin, a kowacce yana raɗa mini, ni cikon na tara, “Onyekwere, ka ci abinci kuwa? Ka rame.”

Muna addu'a Allah ya ba Mama Magdalene da iyalin ƙarfin zuciya, musamman jikarsa Rosemary, wadda ta gaji idanunsa, an kuma gwada ta lafiya lau. Mun ji da baƙin ciki cewa dangin saurayinta a Samaru Kataf sun dakatar da bikinta, wai ba za ta yi nisan kwana ba. Muna roƙonsu, da dukan girmamawa, su sake tunani. Mu ma haka muka ce game da kakanta, shekara arba'in da suka wuce.

Sa hannu:
Dattijo Onyekwere Chinedum
Kakakin Ƙungiya, kuma ragowar Kwamitin Jana'iza