Mijina Ya Kira Cikina Kurkuku

Inna Tawisa, ki yi mini rai ki amsa wannan takarda, don na rasa wanda zan faɗa wa. In za a karanta amsarki ranar kasuwa, kada a ambaci sunana. Kin san bakin mutanen garinmu Shimin.

Shekararmu tara da aure. Mijina marini ne, mutumin kirki, ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Sau biyu ina haihuwa, sau biyu muna binnewa. Ta biyun har ta fara kama bango tana miƙewa. Bayan rasuwarta ya soma zama wurin wani malami da ya zo daga Iskandariya, cikin waɗanda ke kiran kansu masu sani. Da fari na yi murna, don ya rage zaman tagumi a marina.

Iya abin da na gane, suna cewa wanda ya gina duniyar nan ba shi ne na ƙoli ba. Wai magini ne mai ƙarancin sani, shi ya sa aikinsa ke tsagewa, yara ke mutuwa. Can sama da shi akwai Tushe, ba shi da suna, ba shi da farko, ba ya fushi, ba ya buƙatar komai. Wata rana mijina ya kira shi Zurfi, wata rana Shiru. Wai kowannenmu yana ɗauke da ɗan tartsatsin haske daga can, an kulle shi cikin jiki.

Yanzu cikina wata bakwai. Ranar da na gaya masa ina da ciki, sai ya rufe fuska da hannuwansa da shuni ya rina, ya ce, "Mun sake kamo wani haske mun jefa kurkuku." Inna, ni ce kurkukun? Ba ya rage ni da komai, yana kawo kifi da dabino, shi ke ɗebo mini ruwa daga kogi. Amma in ɗan ya motsa na ce ya zo ya ji, sai ya tuna da wani aiki.

Surukata ta ce in je in nuna wa limamin coci littattafan masu sanin da mijina ya ɓoye a tulu. Na san in na yi haka za a ƙone su, mutane su daina kai masa rini. Abin da ya fi tsorata ni ma, maganarsa ta fara shiga raina. In na durƙusa addu'a sai in rasa wa nake kira. Maginin da ya karɓe mini biyu, ko Shirun da ba ya amsawa? Ranar naƙuda wa zan kira?

Mai Jiran Wata Biyu, daga Shimin

'Yata,

Ki share hawaye ki saurare ni. Maganar kai ƙara ki ajiye ta. Surukarki tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba, amma wuta littafi za ta ci, ba baƙin cikin ɗanta ba. Za ki rasa yardarsa, gidan kuma ya rasa abinci.

Mijinki ba ƙin ɗan nan yake ba. Wanda ya haƙa ƙananan kaburbura biyu da hannunsa, tsoron son na uku yake. Ya sami koyarwar da ta ba ciwonsa dalili, ya rungume ta. Kada ki yi masa dariya a kai. Sai dai shi ma yana da nasa laifin. Ba a faɗa wa mai ciki irin wannan magana, kuma kina da hakkin ki gaya masa ta yi miki zafi.

Ni ba ta cikinsu ba ce, amma na yi maƙwabtaka da masu sani shekaru a Iskandariya, kuma ba dukansu ke gudun haihuwa ba. Su da bakinsu suke cewa Tushen bai zauna shi kaɗai ba, ya cika ne ya tumbatsa kamar idon ruwa, wasu suka fito daga gare shi. To, bayan mijinki ya ci ya ƙoshi, ki tambaye shi cikin ruwan sanyi: in ɗan nan daga can ya taso, wa zai tarbi baƙon da ya yi wannan doguwar tafiya in ba ubansa ba? Ki tambaya sau ɗaya, ki bar shi da ita.

Sannan ki nemi ungozoma tun yanzu, in kina da 'yar'uwa ki kira ta ta zo gidan. Shi kuma ki faɗa masa abu guda da kike so ƙarara: ranar haihuwa ya zauna a bakin ƙofa inda za ki ji muryarsa.

Batun wanda za ki kira, malamai sun daɗe suna jayayya, ba a ɗakin naƙudarki za a raba ta ba. Ki kira yadda kika saba. Uwa ba ta jiran jariri ya san sunanta kafin ta amsa kukansa.

Ki sauka lafiya, 'yata, wannan ɗan kuma ya zo ya zauna.

Inna Tawisa