Tsohuwar da Ta Tambayi Hanyar Bull Run

Manassas, Virginia
14 ga Agusta, 1884

Zuwa ga ɗana Thaddeus,

Ina yi maka kashedi tun daga farko: kada ka karanta wasiƙar nan ka shiga nemo mini uzuri. Na san halinka, a wurinka uwarka ba ta laifi. To, wannan karon ta yi. Bayan haka ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da matarka Lenora da yara kuna lafiya a can Oregon. Allah ya ci gaba da kiyaye ku. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi. Masara ta yi kyau bana, ƙanwarka Orpha kuma ta warke daga zazzaɓi.

Ran Talatar makon jiya wata tsohuwa ta sauka daga jirgin ƙasa na safe ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Da jin maganarta na san 'yar Arewa ce, ɓangaren da muka yi yaƙi da su. Ta ce sunanta Hepzibah Crane, daga Vermont, tana neman hanyar filin yaƙin Bull Run, inda ɗanta ya mutu lokacin yaƙin basasa. Kawunka Eben yana zaune a baranda. Ya ce mata, "Iya, an yi miki ƙarya. Bull Run ai rafi ne da shanunmu ke shan ruwa. Yaƙi kam na Manassas ne. Tambayi sojojinku, sun san hanyar, da gudu suka bi ta!" Ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa, ni da na raine ku a kan girmama na gaba, sai na ce mata ban san wani yaƙi mai wannan suna ba, na rufe ƙofa. Keken dokinmu yana ajiye a bayan gida, Thaddeus. Ko ruwa ban ba ta ba.

Haka ta kama hanya a ƙasa cikin rana tsaka, tafiyar mil biyar, tana da shekara saba'in da huɗu. Da la'asar Lucius Peyton, manomin nan mai alfadari, ya tsince ta a yashe a gefen hanya, ya kawo ta gidanmu don ya san muna da ɗakin baƙi. Kwana huɗu ta yi a kwance, ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, wannan ya fi mari zafi. Ta nuna mini wasiƙar ƙarshe ta ɗanta Orrin, mai shekara goma sha tara. Ya rubuta cewa sun sauka kusa da wani rafi, ya wanke ƙafafunsa, ruwan ya fi na gida ɗumi. Ta ce yaransu baƙi ne a ƙasar nan, ba su san garuruwanmu ba, sunan ruwan da suka tsallaka shi suka riƙe. Sai na gane mu ma mazajenmu gari da tashar jirgi suka tsare, shi ya sa muka sa wa yaƙin sunan gari. Da na duba kwanan watan wasiƙar, kwana ɗaya ne kafin ranar da aka kashe mahaifinka a wannan yaƙin. Shekara ashirin da biyu ina jin sunan nan kamar zagi, ashe sunan ruwan da wani yaro ya wanke ƙafa ne.

Likita ya hana a ɗauke ta a kan hanyar nan mai gargada. Sai na je gadar dutse da ke kan rafin Bull Run ni kaɗai, na ɗauko mata tsakuwa ɗaya daga cikin ruwan. Ta tambaye ni ko akwai inuwa a wurin, na ce akwai. Ta ce madalla, Orrin ba ya son rana. Ran Asabar ta hau jirgi ba ta ga wurin ba, ta kuma ce ba ta da ƙarfin sake zuwa. Ni na jawo mata.

Orpha da mijinta Josiah suna gaishe ku. Ka gaida Lenora, ka shafa mini kan Della da Wilbur. Kawunka ma yana gaisuwa, ko da yake ya ce na zama 'yar Arewa da tsufana. Na ce masa abincina yake ci.

Tun da za ku zo da kaka, ga dokar da na kafa, ka sanar da iyalinka. A gidan nan kowa ya kira yaƙin da sunan da mamacinsa ya san shi, ba mai gyara masa. Wanda kuma ya tambayi hanya, ko da wane suna ya tambaya, a ba shi ruwa, a ɗaura wa doki keke a kai shi.

Mahaifiyarka,
Cordelia Hixson