Irin Geron Baba

Yaya Hamsatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina yara, ina zafin Dakoro? Ni lafiya lau, sai kewa.

Labo ɗin nan na Beljik, ɗakin bincikenmu, abin mamaki ne. Na'ura na karanta ƙwayar hatsi cikin yini ɗaya, aikin da zai ci mana shekara a gida. Amma sai in wuni ba wanda ya ce mini sannu. Abinci kuwa burodi da dankali, har wandona ya fara zamewa.

Ga roƙona. Geron nan na marigayi Baba mai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke, ba mai shuka shi yanzu. A kansa nake son yin bincikena, ko a maido wa manoma shi. Rabo abokin karatuna zai taso ƙarshen wata, takardar duwan, wato ta kwastan, na hannunsa. A ba shi abin da ya rage a rumbu.

Ƙanenki, Yazidu

*

Malam Likitan Gero,

Muna amsawa. Na karanta wa Inna takardarka. Zancen na'ura bai dame ta ba, amma da na zo kan wando sai ta fashe da kuka. Kai ma da surutu!

Zangarniya bakwai suka rage. Na tafi suna Korahane, Inna da kanta ta haɗa saƙon ta ba Rabo. Allah ya ba da sa'a.

Hamsatu

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Gaban farfesan da ke duba aikina na kwance ƙullin, ya sa safar hannu yana jira. Gari ne, Yaya. An surfe, an wanke, an daka da citta da kanumfari. Ƙamshin ɗakin Inna ya cika labo.

Don Allah ki share rumbun, ko ƙwaya goma ta ishe ni. Kada Inna ta ji.

Yazidu

*

Yazidu,

Sannu da haƙuri. Na share rumbu, na tankaɗe ƙasar da rariya, na bi tsofaffi har garuruwan Rumbu da Azagor. Babu. Dusar ma tumaki sun cinye.

Na ɗan taɓa Inna da zancen. Ta ce, "Ɗana shina can da yunwa, in aika mishi tsaba sai ka ce kaza? Wa zai daka mishi?" Ashe kwana biyu ta yi tana dakan nan ita kaɗai, ta hana kowa taɓa taɓarya. Kullum sai ta tambaye ni ko ka sha. Me zan ce mata?

Yayarka, Hamsatu

*

Yaya,

Na gode da wahala. Farfesa ya ba ni wani iri daga firjinsu, lamba gare shi, ba suna.

Jiya na dafa garin Inna, na dama da nonon kanti, na zauna bakin taga na sha ni kaɗai. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ki ce wa Inna na ƙoshi.

Yazidu