Fakon Abdulhamid

Lahadi

Jummai, matar Abdulhamid ta sauka jiya Asabar, namiji! Na riƙe jikana da hannuna, har kunnuwana ya ɗebo.

Af, ban ma gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mai gidanki da yara, ina mutanen Konni? Kin san da furfurata na koyi rubutu a ajin manya na yamma, in murna ta zo gaisuwa ke bin baya.

Amma ƙanenki ya ɓata mini rai. Da ungozoma ta yi guɗa yana kwance a zaure, ya ce "Madalla", ya juya fuska bango. Shekara biyu ke nan haka. Ba gona, ba kasuwa, ko hira da abokai ya daina. Na kai shi likita Illela, sun ce lafiyarsa lau. Ya sha rubutu har ya gaji. To lalaci ne ke nan! Na faɗa masa gaban kowa: in ranar suna ta zo yana kan tabarmar nan, ni zan yanka rago, shi kuma ya naɗe ta ya bar mini gida.

Ki gaida kowa. Mahaifinki, Bawa.

Litinin

Baba, barka da arziki, Allah Ya raya mana. Ina gaisuwa da ladabi, amma yau ka yi haƙuri da bakina.

Ka ce lalaci. Wane malalaci ne ya ɗauki fakon nan na bayan gari, wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai, ya yi rani uku yana haƙa masa tassa, ramukan tare ruwan sama, da diga? Rami bayan rami, yana zuba taki, tafin hannunsa duk ya fashe. Kai ka ce masa, "Ɗauka, in ka iya, gayaunarka ce." Shekarar da ya fitar da dami tamanin, Yaya Wakili ya ce ƙasa mai kyau haka ta gandu ce, aka kwashe hatsin zuwa rumbun gida. Kana zaune, Baba. Carbi kake ja.

Da na zo Sallah na tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce, "Yaya, me zan haƙa? In bai yi kyau ba a yi mini dariya, in ya yi kyau a karɓe."

In ka kore shi, ɗakin da ke gidana nasa ne. Allah Ya ƙara maka lafiya. Ɗiyarka, Jummai.

Laraba

Jummai, bayan gaisuwa. Takardarki na jefar da ita sau biyu. Ni za ki koya wa riƙon gida? Tun kakana, abin da ɗa ya noma babba ke da magana a kai.

Amma jiya da safe na taka zuwa fakon, don in samu abin da zan amsa miki. Rabona da wurin tun ranar da aka kwashe hatsin. Jummai, ramukan nan duk sun cike. Wakili ya bi kansu da garmar shanu, bai sake zuba taki ba, ƙasa ta koma kamar daɓen ɗaki. Na kira shi na ce, "Dami nawa ka samu nan bara?" Ya ce, "Baba, ai damina ce ba ta yi ba." Na ce, "Nawa?" Ya ce goma sha ɗaya. Ya karɓe wa yaro gona don ya kashe ta! Na yi masa faɗan da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Amma wanda ya ja carbi ya yi shiru, shi wa zai yi wa faɗa?

Na tafi wurin maigari, na rubuta da hannuna cewa fakon na Abdulhamid ne, shi da 'ya'yansa, shaidu biyu suka dangwala. Na kai masa har zaure. Ya karanta, ya ajiye gefen tabarma, ya ce, "Baba, ai ta mutu." Ya koma ya kwanta.

Maganar kora na riga na yi ta gaban mutane, saura kwana uku. Ban san yadda zan yi ba. Ki sa mu a addu'a. Bawa.

Jumu'a

Jummai, ya tashi!

Jiya haushi ya sa na ɗauki digarsa na nufi fakon ni kaɗai. Na ce in ba mai haƙawa, ni zan haƙa, in faɗi can. Kafin hantsi na yi rami shida, ƙuguna kamar zai rabu. Ashe mata sun kai masa labari. Sai na ji murya a bayana: "Baba, wa ya ce maka ta sama ake tara ƙasar? Ka tare wa ruwa hanya! Ta gangare ake tara ta. Kawo, kana ɓata mini gona." Ya fizge digar, ko sannu bai ce mini ba.

"Mini" ya ce, Jummai. Na zauna a ƙasa ina ta dariya, yana hararata.

Yau tun asuba yana can, ya wuce rami arba'in, ya kuma ce Wakili ya kawo amalanke biyu na taki, kuma Wakili ya kawo. Tabarmar na ba matarsa ta shanya kuɓewa.

Gobe suna. Ki taho da mai gidanki da yara, ki gaya wa ƙanwata ta Malbaza da duk mutanenmu na Tsarnawa. In an shafa fatiha kada kowa ya tsaya jiran tuwo, ni zan shige gaba zuwa bayan gari. Ramuka shidan farko da suka karkace nawa ne. Sauran ku zo ku gani da idonku.

Ina gaida kowa da kowa. Mahaifinki, Bawa.