Kirsimeti ta matso, Bitrus bai ƙwanƙwasa ƙofata ba

Zuwa ga Mai Girma ɗan takarar da ke neman ƙuri'un unguwarmu a Bronx,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni direban tasi ne, Musulmi, mutumin Zariya. Ina da kuka a kanka, ranka ya daɗe.

Na farko, maƙwabcina Bitrus Kirista ne daga Kafanchan, ƙofarsa na kallon tawa. Duk Kirsimeti shi yake zuwa ya tashe ni mu je mahautar halal, in zaɓa masa naman da za a dafa, don ni da iyalina mu ci a gidansa ba ɗar-ɗar. Da Sallah kuwa cinyar rago tasa ce.

Na biyu, shi ma direban tasi ne, a bazarar bana wasu suka ɗora masa bindiga a ka cikin motarsa. Tsoro ya sa ya nemi lasisin ajiye bindiga a gida. Na ce masa ban yarda ba, akwai yara a benen. Muka yi musu sosai, muka tashi muka ci tuwo tare.

Na uku, sai kai ka zo. Ka kira taro biyu, ɗaya a masallaci, ɗaya a coci, kamar ba lif ɗaya muke hawa ba. A namu ka ce 'yan coci sun fara tara makamai, ka kawo misalin wani direba a beninmu. Wa bai gane shi ba? Bayan haka muka ji labarin cewa a liyafar masu kuɗi a Manhattan ka ce irinmu ba mu san komai ba sai addini da bindiga, aka yi dariya.

Yanzu a masallaci ana ja mini kunne in daina shiga gidansa. Matarsa ta bayan sarƙar ƙofa take amsa gaisuwata. Ba ni da halin tashi daga gidan nan, gida Najeriya kuma irin wannan rabuwar ce ta koro mu duka biyun. Wallahi raina a ƙuntace yake, ina zan kuma gudu?

Roƙona ɗaya ne. Ka zo zauren beninmu, ka tara mu wuri guda, ka maimaita maganar nan Bitrus na zaune, ko ka janye ta. Ka zo kafin Kirsimeti, don jiya na hango matarsa ta shigo da ledar nama daga wani shagon daban.

Allah Ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata, Ya tsare maka naka maƙwabtan.

Wassalam,
Mai ƙofar da ke kallon ta Bitrus.