Habu ne zai tafi Bata

Laraba, bayan isha'i

Kawu ya yanke magana: ƙanena Habu ne zai raka kaya birnin Bata, ni in tsare shago. Na yi wa Habu Allah ya kiyaye hanya, amma a baki kawai.

Tare muka fara koyon Sifaniyanci a waya, tun da Kawu ya ce da shi ake ciniki a can. Ni a zuci nake maimaitawa, kada a ga magidanci da furfura yana gwaranci kamar yaro. Habu kuwa babu kunya. Yadda muke kiran masu saye da Sango, yaren garin nan, haka yake tsayawa bakin shago yana ƙwala kira da Sifaniyanci, 'yan layin atamfa suna ta yi masa dariya.

Yau wata 'yar kasuwa daga Bata ta shigo kasuwarmu ta Kilomita Biyar sarin atamfa. Wallahi duk abin da ta faɗa na gane. Na buɗe baki, harshe ya ƙi tashi. Habu ya yi ta kwaɓawa tana gyara masa, har suka daidaita.

Kawu ya dube ni ya ce, "Isuhu, ba tare kuka fara ba?"

Na fi Habu sanin kalmomi. Ni ne ma na saka masa darussan a waya. Ga shi can tsakar gida yana gai da awaki da Sifaniyanci, ni kuwa ko a ɗakina na kasa ɗaga murya, kada matata ta ji.